Darakta da Talaucin Aro

Ba wanda ya zaɓi Darakta ya zama shugaban unguwarmu. Shi ma bai taɓa cewa an zaɓe shi ba. Cewa yake yi abin ya faɗo masa ne, kamar yadda ruwan sama yake fara taɓa wanda ya fi kowa tsawo. Sunan kuwa ya samo shi daga wani ofis inda ya yi shekaru yana kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan. Da ya yi ritaya sai ya dawo mana da tabarau, da jakar hannu wadda ba komai a cikinta, da kuma tabbacin cewa babu abin da ake ƙullawa a bayan ƙofar ofis wanda bai san kansa ba.

Unguwar tamu irin wadda kwalta take zuwa bakinta ta yi sallama ta juya ce. Masu sana'a kam akwai su, sai dai wutar lantarki tana zuwa mana kamar baƙon da ya ɓata hanya, ba sanarwa, ba daɗewa. Saboda haka kowa ya saba, in an kawo wuta, ko loma ce a hannunka sai ka ajiye ka ruga wurin injinka. Mai Walda ya taɓa barin faɗa a tsakiya, ya ce wa abokin faɗan ya riƙe masa zagin, zai dawo ya karɓa.

A tsakiyar unguwar akwai wani tsohon sito da ba mai amfani da shi sai tantabaru. Sai ga wata ƙungiya mai zaman kanta ta sanar cewa za ta gyara irin wannan gini, ta yanka shi shaguna, ta sa masa wuta mai aiki da hasken rana wadda ba ta ɗaukewa. Unguwa ɗaya tak za ta samu, kuma da mu da mutanen tsallaken titi ne muka rage a takara. Aka kira taron bayani, Darakta ya ɗauki jakarsa ya tafi wakiltarmu. Daga baya muka ji daga bakin wakilin tsallake cewa an zaunar da shi a kujera mai laushi, daidai ƙarƙashin na'urar sanyi, bai sake sanin inda yake ba sai da tafi ya tashe shi. An ce ya fi kowa tafi.

Da ya dawo ya tara mu a ƙofar siton.

"To, Yaya, me suka ce?" in ji Mai Walda, ƙanin matar Darakta, wanda tun ranar da yayarsa ta shiga gidan bai bar mijinta ya huta ba.

Darakta ya gyara tabarau. "Abin da suka faɗa ba shi ne abin dubawa ba. Mu da muka yi aikin ofis, abin da ba a faɗa ba shi muke saurare."

"Wato ba ka ji komai ba."

"Na ji fiye da abin da kunnenka zai ɗauka, tunda ƙarar ƙarfe ta gama da shi. Ranar Laraba jami'arsu za ta zo ta zaga unguwa. Ku ba ni amsa. Likita, wurin mai lafiya yake zuwa ko wurin mara lafiya?"

Aka ce wurin mara lafiya.

"To, in ta zo ta tarar da kowa a kan injinsa yana ta ƙugi, me za ta ce? Ta ce waɗannan sun ƙoshi, ta tsallaka titi. Su mutanen can talaucinsu a fuska yake, daga nesa ake karanta shi. Mu namu ba ya nunawa, saboda mun cika kazar-kazar. Don haka ranar Laraba babu mai sana'a a unguwar nan. Duk wani inji za a kulle shi a cikin siton nan, makulli a aljihuna. Kowa ya zauna a ƙofar gida ya yi tagumi."

Matarsa, wadda ita ce telar unguwa, ta ɗaga kai daga wuyan rigar da take dajewa. "Baban yara, talaucin da muke da shi bai isa ba ne, sai mun aro wani?"

"Akwai talaucin gida, akwai talaucin nunawa baƙo. Ke da kanki ai kina da kwanukan da ba ki fito da su sai an yi baƙi."

Inna Mai Niƙa, wadda ta girme mu duka, ta ce ita tun tana yarinya take talauci kuma ba wanda ya taɓa koya mata, amma tunda abin ya zama na ilimi za ta zauna a aji. Da haka aka amince. Ba don maganar ta gamsar da kowa ba, sai don shi kaɗai ya je taron, kuma yana da jaka.

Safiyar Laraba aka fara kwashe kaya. Keken ɗinki ya tafi lafiya, injin walda ya tafi da ƙorafi. Injin niƙan Inna ne ya ƙi. Darakta ya hana a kwance shi, ya ce a ofis ba a raba fayil biyu. Aka ɗora shi ɗungurungum a amalanke, Darakta ya hau kan bulo yana ba da umarni da jaka, hagu, a'a dama, ya ce hagu. Masu turawa suka yi biyayya ga duka biyun, amalanken ya zaɓi tsakiya, inda kwata take. Da aka ciro injin, rabin mazan unguwa sun yi kalar da Darakta yake so ba tare da wani ƙoƙari ba.

"Kun gani?" in ji shi. "Komai yana tafiya bisa tsari."

Mai Aski yana tsakiyar aske kan Makanike, da ɗan cajin da ya rage a injinsa, aka zo aka karɓe injin. Makanike ya fito da rabin kai fes, rabi daji, yana neman wanda zai kama. Darakta ya zagaya shi yana kallo kamar mai sayen rago, ya ce kada a kuskura a taɓa, wannan kai shi ne babbar hujjarmu, mutumin da ƙarfinsa bai kai na cikakken aski ba. Sai dai ya umarce shi ya zauna a kan hannayensa, don baƙin man da ke farcensa zai tona asiri.

Shi kansa Darakta ya ba matarsa tsohuwar rigarsa ya ce ta yi mata faci. Ta yi. Matsalar ita ce hannunta bai iya mummunan aiki ba. Facin ya zauna daram, launi ya dace da launi, har Mai Aski ya tambaya ko za a samu irinta. Dole Darakta ya shafa mata ƙasa, ya kuma aro sandar dogarawa don cike giɓi.

Aka juya allunan shaguna suka fuskanci bango, aka jera mutane a kan benci, ya bi layi yana gyara su.

"Tagumi da hannu biyu, Inna. Hannu ɗaya na mai tunanin riba ne."

"Ɗayan ina korar ƙuda da shi."

"Ki bar ƙudan. Yana cikin tsari."

Da hantsi motar ƙungiya ta shigo, tana wani tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Makanike ya runtse ido, kafaɗarsa ta motsa, amma ya danne hannayensa. Jami'ar ta sauko, mace mai natsuwa da takalmi mara tsini, irin mutanen da suke tambaya a hankali kuma su jira amsa. Darakta ya tarye ta yana ɗingishi.

"Sannu da zuwa, Malama. Ki yi haƙuri ba mu tashi ba, ƙarfin tashin ne babu."

Ta gaishe da kowa, ta dubi shagunan da ke rufe. "Yau hutu ake yi?"

"Kullum hutu ake yi. Mu nan hutu ne ya yi mana yawa."

"Masu sana'ar unguwar fa?"

Darakta ya yi wata ajiyar zuciya wadda a ganina ya ɗan wuce gona da iri. "Sana'a. Muna dai jin labarinta a rediyo."

Ta tsaya gaban Makanike, ta dubi kansa, ta kawar da ido cikin ladabi. "Kai me kake yi, Malam?"

"Ba na komai. Ban san komai ba." Ya dubi motar. "Musamman a mota ban san komai ba. Amma da ni ne, da na canja fambel ɗin nan, bel ɗin injin da yake tsuwa, kafin ya tsinke muku a hanya."

"Zafin rana ne," in ji Darakta da sauri. "Yana taɓa shi ta gefen da ba gashi."

Suka matsa gaba. Matar Darakta tana zaune da taguminta yadda aka koya mata, amma idonta ya maƙale a hannun rigar baƙuwar, inda ɗinki ya karkace. Ta daure, ta daure, ta kasa.

"Malama, wa ya ɗinka miki wannan?"

"Wani tela ne a kusa da ofishinmu. Me ya faru?"

"Ba komai. Allah ya shirye shi."

"Kina ɗinki ne?"

"Ina," in ji Darakta. "Matata ce. Ko allura ta gani sai ta tambaya ta ina ake hura ta."

Jami'ar ta nuna tef ɗin awo da ke rataye a wuyan matar, wanda ya daɗe a wurin har ba mai ganinsa. "Wannan fa?"

Darakta bai ko ƙifta ido ba. "Da shi muke auna yadda muke ramewa."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tafiya. Can ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "Malam, ɗazu ba ƙafar hagu ba ce take ciwo?"

"Ciwon yawo yake yi, Malama. Shi ma bai samu wurin zama ba."

A daidai nan ne abin da bai taɓa faruwa da hantsin Laraba ba ya faru. Ƙwan lantarkin da ke saman ƙofar Mai Aski, wanda Darakta ya manta bai kwance ba, ya yi ƙyaf-ƙyaf ya kama. A wani gida fanka ta fara juyawa. Wani firiji ya yi tari ya tashi.

Tagumin Inna ya sauka da kansa.

Mai Walda ya miƙe. "Yaya, cikina ya murɗa."

"Zauna ya warware."

"Irin wanda ba ya jira ne." Ya bi lungu.

Mai Aski ya ce bari ya je ya duba shi, kada ya faɗi. Inna ta ce ita ma ta tuna ta bar abu a wani wuri, kuma don tsohuwar da aka ce ba ta da ƙarfin tashi, ta yi sauri ƙwarai. Matar Darakta ba ta ma nemi dalili ba, tashi kawai ta yi ta kakkaɓe zane ta wuce. Aure in ya daɗe yana da irin wannan sauƙin. Kafin jami'ar ta gama juyawa, benci duk sun koma benci.

"Ina suka tafi?"

"Kwanciya. Ba sa iya zama mai tsawo."

Ta juyo ta dube shi, ta ce, "Malam, bari in gaya maka gaskiya. Kamar yadda muka yi bayani a taro, wannan shiri na unguwar da take da masu sana'a ne, waɗanda rashin wuta da rashin wuri ya daƙile. Ba za mu yanka shaguna mu zuba tagumi a ciki ba. Na zaga ban ga ko mutum ɗaya ba. Ina ganin sai dai mu tsallaka titi."

Wani mutum da ya ji haka zai faɗi ya nemi gafara. Darakta murmushi ya yi, irin na wanda ya gane wasan. Daga baya ya bayyana mana cewa a ofis ana kiran wannan gwaji: a faɗa maka akasin abin da ake nufi, a ga ko za ka zame.

"Malama," ya ce, "ko rantsuwa kike so zan yi. Tun daga kaina har ƙaramin cikinmu, babu mai sana'a. Ni da kike gani, ban iya komai ba. Ban taɓa iya komai ba."

Sai siton ya fara ƙugi.

Ya fara ne ƙasa-ƙasa, sannan ya cika layin, har kwanon rufin yana karkarwa, tantabaru suka watse. A ƙarƙashin babbar ƙofar, wadda kwaɗon Darakta yake rataye a kanta lafiya lau, wani shuɗin haske ya riƙa walƙawa. Abin da Darakta bai sa a lissafi ba shi ne ƙofar baya, kuma Mai Walda ne ya ƙera ta. Wanda ya ƙera ƙofa ba ya neman makulli. Wayar wuta kuwa daga shagon Inna aka jawo ta, ta taga.

"Mene ne wannan?" in ji jami'ar.

"Ɓeraye."

"Ɓeraye."

"Namu manya ne. Su kaɗai suke samun abinci."

"Hasken fa?"

"Idanunsu."

Wata mata daga wata unguwa ta zo wucewa da roba a ka, ta tsaya. "Darakta, ina aka mai da injin Inna? Na ga an kawo wuta." Kafin ya buɗe baki, ta ji ƙugin, ta bi lungu. Wata ta biyo ta. Sai wani mutum da ƙyauren taga a kafaɗa, sai wata uwa da kayan makaranta a leda tana faɗin tun makon jiya aka yi mata alkawari. Jami'ar ta dubi jerin, ta bi bayansu.

Darakta ya kira ta, ba ta tsaya ba. Ya yi ɗingishi da hagu, ya ga ba zai kai ba, ya gwada da dama, sannan ya saƙale sandar a hammata ya zuba da gudu. Ya wuce ta a tsakiyar lungu. Ya isa ƙofar baya, ya juya, ya baza hannuwa ya tare.

"Malama, don lafiyarki. Ba a shiga. Shekara da shekaru ba ɗan Adam ɗin da ya taka cikin nan."

Inna, wadda ta gama wanke injinta daga abin da ya kwaso a kwata, ta turo ƙofar da ƙafa ta watso ruwan bokiti ba tare da ta duba ba, kamar yadda ta saba yi a ƙofar shagonta. Ba ɗigo ɗaya da ya taɓa ƙasa kafin ya bi ta kan Darakta.

"Au," ta ce. "Kai ne? Matsa, akwai layi."

Jami'ar ta raɓa ta gefensa ta shiga. A kusurwa ɗaya Mai Walda yana ta feshin tartsatsi. A ɗaya kusurwar keken ɗinki yana gudu kamar ana bin sa. Injin Inna yana ƙugi, mata sun yi layi, Mai Aski ya kafa kujera a ƙarƙashin taga yana kiran a nemo masa Makanike ya ƙarasa abin da ya fara. Ba wanda ya ɗaga kai. Wuta ba ta jiran gaisuwa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wannan ai shi ne abin da muke son ginawa. Har kun raba wuraren."

Darakta ya shigo yana ɗiga, ya cire tabarau ya goge da rigar da ta fi tabarau ɗin jiƙewa. Mutum ne da ba ya ɓata lokaci tsakanin faɗuwa da tashi.

"To, alhamdu lillahi, kin gani da idonki. Dama tsarin ke nan. Na ce a tara su wuri ɗaya don kada ki wahala da yawo."

Mai Walda ya kashe injinsa, ya ɗaga gilashin fuska. "Yaya, ka manta ƙafarka a lungu."

"Ta warke."

"Ɓerayen ne suka yi maka magani?" in ji jami'ar.

Dariyar da aka yi ta fi ƙarfin injin niƙa. Direban ƙungiya ya leƙo a tsakiyarta ya ce wani mai rabin aski ya buɗe masa bonet ba da izini ba, kuma motar ta daina tsuwa, shin a biya shi ko a kira 'yan sanda.

Jami'ar ta bi kowa tana tambayar sana'arsa da abin da yake bukata, wannan karon ana ba ta amsa da baki ɗaya. Matar Darakta ta karɓi hannun rigar nan ta gyara shi a tsaye. Da aka zo kan Darakta, ya gyara murya ya fara bayanin irin ofishin da ya kamata a ware wa mai kula da wurin, da tebur, da kujera mai juyawa.

"A'a, Malam," ta ce a hankali. "Kai na yarda da kai. Ka ce ba ka iya komai ba, ba ka taɓa iya komai ba, har ka nemi ka rantse. Duk unguwar nan kai kaɗai ne maganarka ta safe ba ta canja ba." Ta juya wurin matarsa. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Matar ta cire allura daga bakinta. "Wannan kam bai yi miki ƙarya ba."

Mu aka zaɓa. An gyara siton, an yi masa fenti, wutarsa ba ta ɗaukewa, har Mai Walda yana ƙorafin cewa yanzu ba shi da uzurin barin faɗa a tsakiya. A cikin shirin akwai sharaɗin cewa duk wanda ba shi da sana'a a unguwar za a haɗa shi da mai sana'a ya koya, kuma mutum ɗaya ne kawai ya cika sharaɗin. Mai Walda ya yi tayin ɗaukarsa da wani irin farin ciki da ya tsorata kowa. Darakta ya duba, ya zaɓi shagon matarsa.

In ka shiga siton yanzu, shago na biyu a hannun dama, za ka same shi a kan 'yar kujera, tabarau a kan hanci. Zai gaya maka cewa yana sa ido ne a kan aikin daga ciki, kamar yadda manyan daraktoci suke yi. Jakar nan tana gefensa, kuma a karon farko tun da muka san ta akwai abu a cikinta: zare da maɓallai.

"Darakta," in ji matarsa, ba tare da ta ɗaga kai daga keke ba, "wannan maɓallin a bai-bai ka ɗinka shi."

"Tsari ne."

"Warware tsarin."